Gem ɗin Golmo

A shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, ɗana na biyu yana cikin shekararsa ta shida a golmo. Saura ɗaya ya gama.

Ga wanda bai san abin ba, golmo a wurinmu shi ne noman da saurayi yake yi wa uban yarinyar da zai aura, shekara bakwai. Ba shi kaɗai yake yi ba. Samari ne tsara ɗaya suke haɗuwa, yau su yi gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan, har a zagaye kowa. A lokacin da nake magana gidaje da yawa sun daina. Uban yarinyar da ɗana yake nema ya ce shi bai daina ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ni ma na yi nawa bakwai cif kafin in shiga soja, ban yi fashin yini ɗaya ba. Dattijon shaida ne, don ƙungiyarsu ce ke gaba da tamu. Shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuma tun da na dawo da igiya uku yake ce mini Saje.

Shekara biyar yaron bai ba ni kunya ba. A ta shida wani saurayi ya dawo daga Kaduna da talabijin biyu da janareta da wasu baƙaƙen akwatuna, ya kama shago a bayan tasha, ya rataya labule a ƙofa. Aka ce gidan gem ne. Daga nan na fara neman ɗana ina rasawa. Ranar maimai, wato noma na biyu, ya isa gonar surukinsa a makare. Dattijon bai yi masa faɗa ba. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, ya aiko mini da saƙo ta bakin ƙanensa: ranar Alhamis za a yi huɗar dawa. In rana ta leƙo bayan dutse yaron ba ya cikin gona da garmarsa, to shekara shidan nan sun zube. In yana so ya fara daga ɗaya, in ba ya so akwai masu so.

Na tsara komai. Ƙauyen dattijon yana ta hanyar Mahuta, ana ratsewa a bi burji a haye rafi, kuma a-kori-kura ɗaya ce ke zuwa can, tana tashi daga tasha da an idar da sallar la'asar. Ke nan dole mu kwana can ranar Laraba. Litinin na kai garmar ɗana wurin maƙeri a yi mata baki. Talata na je na gaya wa direba ya ajiye mana wuri biyu, don na ƙudura da hannuna zan kai shi. Laraba da hantsi uwarsa ta ɗaure mana guzuri. Abu ɗaya na bar masa ya yi da kansa: ya je ya karɓo garmar, ya dawo gida da ƙarfe ɗaya. Ƙarfe biyu da rabi bai dawo ba.

Na sa takalmi na tafi maƙera. Maƙeri ya ce ai tun ɗazu ya karɓa. Ban ƙara tambayar kowa ba. Garmar na fara gani, an jingine ta a ƙofar gidan gem a tsakiyar silifas, bakinta sai ƙyalli yake.

Ban taɓa shiga wurin ba sai ranar. Duhu, zafi, warin fetur da na gumi, janareta tana ruri a bayan bango har sai ka ɗaga murya. Samari sun fi goma a kan benci biyu. A talabijin ɗaya ana ƙwallo. A ɗayan wani soja yana gudu a cikin gari yana harbi. Na tsaya na kalle shi. Bai duba bindigarsa ba, bai jira umarnin kowa ba, bai nemi mafaka ba. Aka harbe shi ya faɗi, ya tashi ya ci gaba, har sau uku. Na ce da a hannuna wannan yake, da yau a gadurum zai kwana. Suka fashe da dariya, sannan suka waiwayo suka ga ko wane ne, dariyar ta tsaya.

Ɗana ba ya cikin masu wasan. Yana can lungu a ƙarƙashin 'yar taga, shi da wasu uku, sun sa littafin rubutu a tsakiya suna gardama. Da ya gan ni ya miƙe.

"Baba, yanzu nake shirin tahowa."

"Ƙarfe nawa na ce?"

"Ɗaya."

"Yanzu ƙarfe nawa?"

Mai shagon ya taso da sauri yana goge hannu a wando.

"Baba Saje, sannu da zuwa. Wallahi ba wasa yake ba, aiki muke yi."

"Aikin me?"

Ya ce duk gem ɗin da ke cikin akwatunan nan na ƙasashen wasu ne. Titunansu ne, motocinsu ne, har ƙanƙara ce ke zuba a ciki. Yaran sun gaji, suna son nasu. Shi kuma ya san wani a Legas, wanda ya san wani mai zuwa ƙasar da ake ƙera su. Shi ne suka sayi littafi, kowa ya rubuta gem ɗin da yake so a ce akwai, in ya cika a aika.

Na karɓi littafin don in nuna musu shirmen da ke ciki kafin in ja ɗana mu tafi. Lokaci yana nan, motar ba za ta tashi ba sai bayan awa guda da wani abu.

Wani ya rubuta gem ɗin kabu-kabu: ka hau babur ka ɗauko mace da akuya biyu da buhun masara daga kasuwar Bena, in akuya ta faɗi ka faɗi. Wani ya rubuta na korar birai daga gonar gefen dutse da majajjawa. Wani yana son na kokawa da kiɗan gida, wanda in an kayar da kai kakarka za ta shigo fili ta zagi wanda ya kayar da kai, zagin ya rage masa ƙarfi. Akwai na shiga soja: ka yi gudu, a gwada tsawonka, a gwada ƙirjinka, a duba tafin ƙafarka, ka ci duka, a ƙarshe a ce ka dawo baɗi. Wanda ya rubuta wannan kam ya je ya gani. Sauran duk babu kai babu gindi, wani ma bai sa lamba a shafinsa ba.

Sai na iso wani shafi da aka rubuta GOLMO a samansa da manyan baƙaƙe. Hannun ɗana ne. A ƙasa an sa: Mataki na ɗaya, girbi.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara shida kana noma. A wace gona ka taɓa farawa da girbi?"

Wani dogon yaro, ɗan maƙwabcinmu, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya amsa a madadinsa. "Baba, ai gem ne. Dole a fara da abu mai daɗi, in ba haka ba mutum ya aje ya koma ƙwallo."

"Me za ka girba? Wa ya shuka?"

"An riga an shuka."

"Wa?"

"Kwamfuta."

Na ci gaba da karatu, raina yana ƙara ɓaci. Shekara ɗaya minti biyar ce. Mai noma yana da rai uku. In ya kai shekara ta uku garmarsa za ta fara fitar da wuta. Babu sharar gona, babu shuka, an sa huɗa kafin noman farko. A mataki na ƙarshe kuwa, saurayi zai yi dambe da surukinsa, surukin yana jifarsa da sakaina, yarinyar tana zaune a kan rumbu tana tafi.

Wannan na ƙarshen ne ya zaunar da ni. Na tuna littafin nan Legas za a kai shi, daga can a haye da shi teku. Mutanen da ba su taɓa jin sunanmu ba za su buɗe su ga muna girbi ba shuka, muna dukan surukanmu. Na ce a ba ni biro da rula. Aka ce babu rula. Na ce a ba ni kwalin faifai, gefensa a miƙe yake. Agogona yana kama takarda in na ja layi, na cire shi na sa a aljihu.

Na buɗe sabon shafi, na ja gida bakwai, kowace shekara da nata. A kowane gida na jera aiki yadda yake zuwa: sharar gona, shuka, noman farko, maimai, huɗa, girbi, kai dawa rumbu. Na soke wutar garma. Na soke damben. Na sauko da yarinyar daga kan rumbu na mayar da ita gida wurin uwarta.

"To Baba, da wa za a yi faɗa?" in ji dogon. "Gem ba abokin gaba ai noma ne kawai."

"Noma ne kawai? Ka taɓa ganin ƙuduji ya shiga gona?"

Na rubuta ƙuduji a shekara ta biyu, in ba ka tuge shi kafin ya yi fure ba, a ta uku ya cinye rabin gonar. Na rubuta gara. Na ɗauko biran wancan yaron na sa su a watan da dawa take nuna. Wani ya ce a sa kunama a ƙarƙashin ciyawa, na yarda, don akwai ta. Wani ya ce a sa zaki, na ce ya fita waje. Sannan na sa dokar da kowane ɗan golmo ya sani: in ɗaya daga cikin ƙungiya ba shi da lafiya, dole ka haɗa da layinsa, in ka ƙi, ranar gonar surukinka ka tarar da kanka kai kaɗai.

"Kai, wanga ya yi!" in ji mai shagon. "Ke nan mutum huɗu za su iya bugawa tare."

Masu ƙwallo suka ajiye abin dannawa suka zagaye mu. Kowa yana magana lokaci ɗaya, sai da na ce a riƙa ɗaga hannu. A kan tsawon shekara muka fi daɗewa. Na ce awa guda, suka ce minti goma, aka tsaya a rabin awa, kuma har yau ban gamsu ba. A kan rai kuwa ban sassauta ba.

"Rai ɗaya."

"Baba, ba a yin gem da rai ɗaya."

"Kai rai nawa gare ka?"

"Amma in mutum ya yi kuskure kaɗan fa, shi ke nan?"

"Ya koma shekara ta ɗaya."

"Haba Baba! Wa zai buga wannan?"

"Wanda yake son aure."

Muna cikin shekara ta uku ɗana ya taɓa kafaɗata. "Baba, mota."

Na ce kada ya katse ni ina jan layi.

Muna shekara ta biyar ya sake. Wannan karon har ya je ƙofa ya ɗauki garmar ya riƙe, ya ɗaga labule. "Baba, ina jin an yi la'asar."

"Ban ji kira ba. Zauna. Abin da aka fara sai an gama shi, saura biyu."

Ban ji kira ba da gaske, janareta ta hana. Ya dawo ya tsaya a kaina da garma a kafaɗa. Na gama shekara ta bakwai, na sa lamba a kowane shafi, na rufe littafin, na zaro agogo daga aljihu. Biyar saura minti goma.

Rabona da gudu irin na ranar tun ina kurtu. A tasha aka ce direba ya jira mu, ya yi ta hon, har fasinja suka fara zaginsa sannan ya tafi. Na juya wurin 'yan kabu-kabu, suka nuna mini gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga leda. Babu wanda ya yarda ya je ya tarar da rafin nan a cike. Kafin mu isa gida ruwa ya sauko.

Uwarsa ta ga mun dawo, ta tambaye shi abin da ya faru. Ya ce mota ta tafi. Ta tambaye shi ina ya tsaya. Ya wuce ya jingine garmar a bango. Ta dubi yatsuna da suka yi shuɗi da tawadar biro, ta kwance guzurin ta mayar cikin kwano.

Da asuba muka sami babur biyu suka kai mu bakin rafi. Ruwa ja, yana tafe da itace, ya kai ƙirji. Muka zauna a kan dutse muna jira ya ja baya. A nan muna zaune rana ta leƙo. Ɗana ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Da ruwan ya sauko zuwa ƙugu muka haye, garma a kansa, takalmina a kaina. Wajen ƙarfe tara muka isa gonar.

Samarin ƙungiyarsa sun kusa raba gonar biyu. Suna waƙa, da suka hango mu waƙar ta mutu. Dattijon yana zaune a kan dutse a gindin ɗorawa, sandarsa a tsakanin ƙafafunsa. Muka durƙusa muka gaishe shi da yarenmu. Ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya wurin ɗana.

"Me ya tsare ka?"

"Na makara, Baba."

"Na ga ka makara. Me ya tsare ka?"

Yaron ya dubi ƙasa. Na san ba zai faɗa ba. Ba zai kira sunan ubansa a gaban surukinsa ba ko da shekara shidan za su tafi.

Na ce, "Yaya, rafi ne ya cika."

"Yau ya cika. Jiya mota ta haye, har ta kawo mini gishiri. Direba ya ce wuri biyu ya ajiye, ya zo da su babu kowa." Ya gyara riƙon sandarsa. "To yaro, magana ɗaya na yi, ba ni da ta biyu. Ɗauki garmarka..."

"Yaya, tsaya. Ni ne."

Na miƙe na ba da rahoto yadda na saba. Na ɗaya, na je ɗauko yaron a gidan gem da sauran lokaci. Na biyu, na tarar sun rubuta golmo a littafi ba daidai ba, na zauna gyarawa. Na uku, ya ce mini mota sau biyu, na ce ya yi shiru.

Dattijon ya dube ni. Ya ce in sake bayanin gem ɗin, bai gane ba. Na yi iya ƙoƙarina: akwati ne da ake haɗawa da talabijin, mutum ya riƙa danna abu, ɗan mutum a ciki yana noma.

"A cikin talabijin ɗin ake noman?"

"Ba a riga an yi shi ba tukuna. A littafi yake."

"Gonar tana cikin littafi."

"E."

"Shekara nawa kuka noma jiya?"

"Bakwai."

"Dami nawa kuka samu?"

Samarin sun daina aiki tun tuni, sun jingina da garemaninsu suna saurare. A nan wani ya kasa riƙe dariya, sauran suka bi shi, har wani ya zauna a ƙasa. Dattijon bai yi dariya ba. Ya juya wurin ɗana ya tambaye shi ko gaskiya ne sau biyu ya yi magana. Yaron ya gyaɗa kai kaɗan.

"Wannan bai makara ba, makarar da shi aka yi," in ji dattijon. "Shekarunsa suna nan. Shiga layi." Ɗana ya tafi da sauri kamar ana korarsa. Ni ma na juya zan nemi inuwa.

"Saje, ina za ka? Hannun mutum ɗaya ya yi fashi a gonata tun fitowar rana. Wanda ya jawo shi zai cike."

Ya aika aka ɗauko masa garmarsa daga bukka, tsohuwa mai nauyi, ƙotarta ta yi santsi don riƙo. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Na cire riga na rataya a reshe. Rabona da huɗa ya fi shekara talatin. Layi na farko na yi shi da fushi, na biyu da taurin kai, daga na uku kuma bayana ya fara magana. Ƙasar ta sha ruwa, kowace garma kamar an ɗora mata dutse. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Samarin suka koma waƙa, ba a daɗe ba na gane da ni suke, wai ga sabon ɗan golmo mai furfura, a tambaye shi 'yar wa yake nema. Ɗana yana layin da ke kusa da nawa. Sau biyu ya rage sauri ya miƙo garma zai ɗan taimaka mini daga gefe, na ce ya kula da nasa.

Da rana ta karkata aka gama. Aka kawo kunu a ƙwarya, kowa ya nufi gindin ɗorawa. Dattijon ya tashi da sandarsa ya bi gonar layi-layi yana dubawa, mu muna tsaye. Ya wuce na samarin bai tsaya ba. Ya zo kan nawa ya tsaya, ya rufe ido ɗaya ya hango su daga wannan kai zuwa wancan.

"Saje, a soja haka kuke layi?"

Na je na tsaya inda ya tsaya, na duba. Biyu na ƙarshe sun karkace, sun shiga juna a tsakiya kamar ƙafar kaguwa. Na ɗauki garmar na koma na rushe su, na sake su daga farko, su suna shan kunu suna kallona. Da na gama ya sake rufe ido ɗaya, ya gyaɗa kai, ya sa aka miƙo mini abin da ya rage a ƙwaryar.

Da muka zo sallama ɗana ya durƙusa a gabansa. Dattijon ya ɗora masa hannu a ka.

"Saura ɗaya," ya ce. "Baɗi ka zo da wuri. Kuma ka zo kai kaɗai, ka bar ubanka a gida."